Daga Amosani Zuwa Tabarau: Labarin Idon Yaran Hindawiyya

Duk wanda ya san birnin Jidda a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ya san Hindawiyya. Unguwa ce da ke kudu da tsohon gari, ba nisa da tashar jiragen ruwa, tana kuwa cikin unguwannin da suka bunƙasa bayan da aka rushe ganuwar Jidda cikin 1947, gari ya sami wurin miƙe ƙafa. A nan, da Sabil, da Karantina, da sauran unguwannin kudu, mutanen Afirka ta Yamma suka yi kaka-gida, waɗanda Larabawan Hijaz suke kira Takarir, Hausawa kuma suke ce musu 'yan Takari. Kakannin da yawa daga cikinsu ta ƙasa suka zo, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, suka yi noma ko ƙodago a Sudan har suka tara kuɗin jirgin ruwa, sa'an nan suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin ko Bur Sudan. Tafiyar takan ci shekaru, har yaron da ya bar Kano ko Katsina a goye ya iso Makka da ƙafarsa. Masu bin wannan hanya sun ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na farko, jama'arsa da dama suka ci gaba da hijira gabas.

Mutanen wancan zamani sun san ciwon ido, sani na gaske. Sun san amosanin ido, wanda ƙuda da ƙura da ƙarancin ruwa suke yaɗawa, fatar ido ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya yi ta gogar ƙwayar har ta mutu. Sun san hakiya da ke biyo bayan ƙyanda ko agana, sun san dundumi, sun san yanar ido ta tsofaffi. Abin ya dami malamai har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu cikin 1837, ya wallafa littafi a kan maganin ido. Ƙasar Larabawa ma haka take a lokacin. Amosani ya yi yawa a cikinta har cikin 1954 kamfanin mai na Aramco ya haɗa kai da Jami'ar Harvard ta Amurka suka kafa bincike a kansa a lardin gabas, cikin 1955 kuma Dakta Amin al-Magrabi ya buɗe asibitin ido a Jidda. Da ruwan famfo ya yawaita, da magani, da tsabtar gidaje, cutar ta yi ta ja da baya, har cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa amosani ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Sa'udiyya.

Amma fa jikokin waɗannan matafiya, da jikokin maƙwabtansu Larabawa, sun sami kansu da wani kuka dabam, wanda kakanninsu ba su san shi ba sai nadiran. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ya fara ƙanƙance ido in yana duban allon aji. A kai shi wurin mai gwajin ido, a yanka masa tabarau, ya ga duniya garau. Kafin shekara ta zagayo sai ya koma gani dishi-dishi, a sake gwaji, a ce lamba ta hau, a yanka wani mai kauri fiye da na bara. Baɗi ma haka. Daga nan sai iyaye su fara zargi: wasu su ce mai kanti ne yake neman ciniki, wasu su ce gilashin ne kansa yake cinye ido, gara a cire wa yaro shi ko a ba shi mai rauni don ido ya saba da aiki. Zargin nan ba na Hindawiyya kaɗai ba ne, ana jinsa a Kano, ana jinsa a Maraɗi, an kuma ji shi a Turai shekaru 150 da suka wuce. Tarihin yadda aka warware shi yana da tsawo, kuma ba a yi nisa da kammala shi ba sai a zamanin nan.

Da farko dai sai a san abin da yake faruwa a cikin ƙwayar idon. Likitoci suna kiran wannan hali mayofiya. Da Hausa ba a iya ce masa rashin hangen nesa ba tare da an zagi mai shi ba, saboda haka a nan za a kira shi gajeren gani. Haske yana shiga ta gaban ido, ya lanƙwasa, ya taru a kan wani tantani da ke can ƙuryar ido, inda hoton abin da ake kallo yake sauka. Ana haihuwar jariri da ƙwayar ido mai tsawon kamar milimita 17 daga gaba zuwa baya, ta yi ta girma har ta kai wajen milimita 23 ko 24 ta tsaya. In ta zarce wannan, sai hoton abin da ke nesa ya taru tun bai kai ga tantanin ba, ya iso a watse. Ƙarin milimita ɗaya tak yana jawo ƙarin lamba biyu da rabi zuwa uku a ma'aunin gilashi, wanda ake kira diyofta. Watau gilashin bara bai lalace ba, bai kuma ɓata kome ba. Idon ne ya ƙara tsawo ya bar shi a baya, kamar yadda ƙafar yaro take barin takalmin sallar bara. Ƙarin rabin lamba a shekara abu ne da aka saba gani, a wasu yaran kuwa har lamba guda, kuma gwargwadon ƙanƙantar yaro sa'ad da abin ya fara, gwargwadon saurin hawansa. Yawanci yakan lafa tsakanin shekara 15 da 21.

Kafin a kai ga wannan bayani sai da aka yi ƙarnuka. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujja a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido, ba ido ne yake harba haske ba. An juya littafin da Latin, malaman Turai suka yi ta nazarinsa. Tabarau kansa a Italiya aka ƙaga shi wajen 1286, amma na farkon duk na tsofaffi ne, mai tudun tsakiya, don karatu. Gilashi mai kwarmin tsakiya, wanda mai gajeren gani yake bukata, sai a ƙarni na 15 ya bayyana. Akwai wasiƙar Sarkin Milan Francesco Sforza ta 1462, inda ya aika Florence a sayo masa dozin uku na tabarau, ya kuma ce dozin ɗaya ya zama na ganin nesa, irin na samari. Masu yin gilashin ba su san dalilin da ya sa yake aiki ba sai da Johannes Kepler, masanin taurari na Jamus, ya bayyana cikin 1604 cewa a kan tantanin ƙuryar ido hoto yake sauka. Kepler kansa mai gajeren gani ne, ya kuma yi zargin yawan duƙufa a kan littafi tun ƙuruciya ne yake kawo shi.

Wanda ya fara ɗaukar wannan zargi ya auna shi da ƙidaya mai yawa shi ne Hermann Cohn, likitan ido a birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin Poland ana kiransa Wroclaw. Cikin 1867 ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa 'yan makaranta 10,060. A makarantun ƙauye bai sami ko yaro 2 cikin 100 masu gajeren gani ba. A makarantun elemantare na birni ya sami kusan 7, a manyan makarantun share fagen jami'a kuwa ya sami 26. Ya kuma lura cewa abin yana ƙaruwa daga aji zuwa aji. Cohn ya ɗora laifin a kan bencin da ke sa yaro sunkuyo, da ƙananan haruffa, da duhun aji, ya yi ta fafutuka a faɗaɗa tagogi. An gyara benci, an gyara ɗab'i, amma gajeren gani bai tafi ba, sai ra'ayinsa ya yi sanyi. A tsakiyar ƙarni na 20 masu cewa gado ne suka rinjayi fage, musamman bayan binciken da Arnold Sorsby ya yi a kan tagwaye a Ingila. Gado yana da hannu, babu shakka, domin ɗan masu tabarau ya fi saurin bukatarsa. Amma wannan ra'ayi ya sa aka naɗe hannu shekara da shekaru, tun da ba a yi wa gado magani.

Abin da ya girgiza masu wannan ra'ayi daga wani wuri ya fito da ba a zata ba, watau garin da a lokacin ake kira Barrow, wanda ke can ƙuryar arewacin Alaska, ƙasar ƙanƙara. Cikin 1969 Francis Young da abokan aikinsa suka bayar da rahoton gwajin da suka yi wa mutanen Inuwit na wurin. Cikin manya 131 da suka tashi a farauta da su, mutum 2 kaɗai aka samu da gajeren gani. Cikin 'ya'yansu da jikokinsu kuwa, waɗanda suka tashi a makaranta da gidajen zamani, fiye da rabi ne. Jini ɗaya, tsatso ɗaya, amma ido dabam. Gado ba ya sakewa cikin zuriya ɗaya, rayuwa ce ta sake. Duk wanda ya san tarihin Takari zai ga kamar labarin gidansu ake bayarwa: kaka ta yi shekaru tana tafiya a sarari tana hango ayari daga nesa, jika yana zaune a ɗaki huɗu.

Daga baya gabashin Asiya ya nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa. A Singafo da Taiwan da Hongkong da biranen ƙasar Sin, inda gasar jarrabawa ta yi tsanani, sai ya zamana 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da gajeren gani. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, da aka gwada samari 'yan shekara 19 masu shirin shiga soja cikin 2010, an sami fiye da 96 cikin 100. Wannan ba maganar tsadar gilashi kaɗai ba ce. Idon da ya yi tsawo ƙwarai, wanda lambarsa ta kai 5 ko 6 ko ta wuce, tantaninsa yakan miƙe ya yi siriri, mai shi kuma ya fi sauran mutane haɗarin ɓallewar tantanin, da hawan jinin ido, da yanar ido tun da sauran ƙarfi, da lalacewar tsakiyar gani wadda babu gilashin da zai gyara ta. A binciken da aka buga cikin 2016, Brien Holden da ƙungiyarsa a Ostareliya sun yi kirdadon cewa in aka ci gaba a haka, kafin 2050 kusan rabin mutanen duniya za su zama masu gajeren gani, kusan kashi ɗaya cikin goma kuma masu irin mai tsananin.

To, karatu ne ko wani abu ne da ke tafiya tare da karatu? Amsar ta fito fili cikin 2008, lokacin da Kathryn Rose da Ian Morgan da abokansu suka kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 da 7 a birane biyu. A Singafo 29 cikin 100 suna da gajeren gani, a Sidni ta Ostareliya kuwa 3 ne kacal, alhali iyayensu kusan daidai suke wajen sa tabarau. Abin mamaki, yaran Sidni sun fi na Singafo karanta littattafai. Babban bambancin shi ne na Sidni suna yin kusan awa 14 a mako a waje, na Singafo awa 3. Ba guje-guje ne sirrin ba, domin wasa a cikin ɗaki bai ba da wannan kariya ba. Hasken rana ne. Aji mai fitila mai kyau ba ya wuce 300 zuwa 500 a ma'aunin haske da ake kira lukus, inuwar itace da rana tsaka tana iya kai 10,000, filin Allah kuma ya kai 100,000. Gwaji a kan 'yan tsaki da birai ya nuna cewa ido yana daidaita girmansa ne da irin hoto da hasken da yake samu, masana da yawa kuma suna ganin haske mai ƙarfi yana sa tantanin ido ya saki wani sinadari, dofamin, wanda yake taka wa tsawon birki. Ashe Cohn bai yi nisa da gaskiya ba da ya matsa a kan tagogi, sai dai babu tagar da ta kai fita waje.

An gwada abin a aikace. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin aka ƙara wa wasu makarantu minti 40 na zaman waje kowace rana. Bayan shekara uku, a sakamakon da aka buga cikin 2015, yara 30 cikin 100 ne suka kamu a waɗannan makarantu, a sauran kuwa kusan 40. Taiwan ta fito da tsari cikin 2010 na fitar da 'yan firamare waje minti 120 kullum, sai yawan masu raunin gani, wanda ya yi shekaru yana hawa har ya kai rabin yara, ya juya ya fara sauka. Sai dai a nan akwai abin lura: hasken rana ya fi ƙarfi wajen hana abin farawa ko jinkirta shi, ƙarfinsa a kan idon da ya riga ya kama hanya bai kai haka ba. Saboda haka ƙanen mai tabarau, wanda bai fara ba tukuna, shi ya fi kowa cin moriyar wannan ilimi.

Zancen rage wa yaro ƙarfin gilashi don ido ya saba kuwa, shi ma an auna shi. A Maleshiya aka raba yara 94 gida biyu, aka ba rabi cikakkiyar lambarsu, aka rage wa rabi da gangan. Sakamakon da ya fito cikin 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi saurin lalacewa. Hana yaro gilashinsa ba ya tsai da tsawon ido, abin da yake yi kawai shi ne ya hana shi ganin allo, malami ya ɗauke shi daƙiƙi.

Ga wanda ya riga ya fara, yanzu akwai dabarun rage gudun, ko da yake babu mai mai da ido yadda yake. Akwai maganin ɗigawa, atrofin, wanda aka yi ta gwadawa a Singafo tun farkon wannan ƙarni da kuma Hongkong, aka gano cewa in an tsarma shi ƙwarai yana rage hawan lamba ba tare da ya dami yaro ba. Sinadarin dangin wanda ke cikin zaƙami ne, tsiron da Hausawa ba su raɗa wa suna haukata-yaro a banza ba, don haka ba abin haɗawa a gida ba ne, sai da awon likita. Akwai kuma sabon irin gilashi mai ɗaruruwan ƙananan ɗigo kewaye da tsakiyarsa, wanda Jami'ar Fasaha ta Hongkong ta ƙaga, ya shiga kasuwa cikin 2018, gwajin shekara biyu ya nuna ya rage hawan da kusan rabi. Tsadarsa ta ninka ta gilashin yau da kullum sau da yawa, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce ga gidan da ke cin abinci daga dako ko ɗinki ko sayar da abinci.

In aka dawo Jidda da wannan ilimi, sai a ga duk sharuɗɗan sun haɗu. Makarantar zamani ta daɗe a garin, tun Madarasatul Falah ta 1905, amma karatun kowa da kowa ya zo ne bayan kafa Ma'aikatar Ilimi cikin 1953 da buɗe makarantun gwamnati na 'yan mata cikin 1960. Talabijin ya iso cikin 1965, na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gidaje, wayar hannu ta biyo baya. Gari ne mai rana kamar ta tsaga dutse, inda zafi ya taɓa kai digiri 52 a watan Yuni na 2010, don haka rayuwa ta koma dare: a yi barci da rana, a fita kasuwa da ziyara bayan isha'i. Ƙasar da ta fi kusan kowace ƙasa arzikin hasken rana, yaranta suna iya wuni ba su gan shi ba, 'yan mata kuma sun fi maza zaman ɗaka. Annobar korona ta ƙara wa Barno dawaki. An rufe makarantun Sa'udiyya a watan Maris na 2020, 'yan firamare ba su koma aji ba sai Janairu na 2022, suna ta karatu a gaban allon waya. Abin da irin wannan kulle yake yi wa ido an auna shi a Feicheng ta ƙasar Sin, inda gajeren gani a 'yan shekara 6 ya tashi daga ƙasa da 6 cikin 100 zuwa fiye da 21 cikin 2020. Lungunan Hindawiyya, duk da cunkoso da talaucinsu, a dā wuri ne da yaro yake buga ƙwallo da la'asar a ƙofar gida. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni da dama na tsohuwar Jidda, har da wannan, jama'arta suka watsu, da yawa zuwa gidajen haya na bene.

Akwai wani abu kuma da ya shafi yankin musamman. Ba duk lambar da ke tsalle ba ce gajeren gani na makaranta. A ƙasashe masu zafi da ƙura yara suna fama da ƙaiƙayin ido mai dawowa kowace shekara, wanda yake mai da farin ido ruwan ƙasa, su yi ta murza. Yawan murzar yana da alaƙa da wata cuta, keratokonus, inda fatar gaban ido mai garai-garai take sirancewa ta yi tsini kamar malfa. Alamarta ita ce lamba ta riƙa sakewa da sauri a lokacin balaga, ido ɗaya ya fi ɗaya, kuma kowane gilashi aka sa gani ba ya washewa sarai. Sa'udiyya tana cikin ƙasashen da aka fi samunta. Tun 2003 likitocin Dresden a Jamus suka bayyana hanyar ƙarfafa fatar da sinadarin bitamin da wani irin haske, wadda take tsai da cutar in an kama ta da wuri. Ciwon sukari ma yana iya juya lamba cikin 'yan makonni. Shi ya sa gwajin yaro ba aikin mai tebur a kasuwa ba ne: sai an ɗiga maganin da ke sassauta tsokar ido kafin a auna, in ba haka ba idon yaro mai ƙarfin matsewa yakan ruɗi na'ura a rubuta masa lambar da ta fi tasa.

A ƙasar Hausa kanta abin bai kai haka ba tukuna. Da aka tattara binciken da aka yi a makarantun Afirka cikin 2022, an sami kamar yaro 5 cikin 100 da gajeren gani, kuma na birni sun fi na ƙauye, daidai da abin da Cohn ya gani a Breslau. Asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano cikin 1943, wanda yanzu yake hannun ECWA, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na Makka da gidauniyar Al-Basar ta Sa'udiyya ta kafa a Kano, an gina su ne domin yana da amosani da hawan jinin ido, kuma har yanzu waɗannan ne babban aikinsu. Amma a Kano da Kaduna da Yamai ana ta samun yaran da mota take ɗauka daga gida mai katanga da sassafe, su yi boko har azahar a makarantar kuɗi da aka buɗe a gidan haya babu filin wasa, su wuce Islamiyya har magariba, su dawo ga aikin gida da waya. Makarantar allo ta dā, wadda ake yi a zaure ko a gindin bishiya, da manyan baƙaƙe a kan allo, ta fi yawancin waɗannan azuzuwa haske nesa ba kusa ba.